Liƙi a Goshin Nildo

Duk wanda ya taɓa cin wake da shinkafa a ɗakin abincina da ke bayan ginin kasuwar Tianxiu, a Guangzhou ta ƙasar Sin, ya san Nildo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne baƙin dattijon nan mai sanƙo da baƙin tabarau da ke zama kusa da fanka yana ƙorafin wakena bai nuna ba. 'Yan Kano su shigo su yi masa sallama, su ɗauka ɗan Gana ne. 'Yan Gana su ɗauka namu ne. Ba ko ɗaya. Mutumin Brazil ne, cikakken sunansa Josenildo, makaho ne, kuma sana'arsa kaɗa fiyano.

Tarihinsa a gutsure na same shi, tsakanin loma da loma, da Turancinsa mai ɗingishi da nawa mai sanda. A wani gari na bakin teku da ake kira Recife aka haife shi. Ƙyanda ce ta tafi da idonsa yana ƙarami. Uwarsa wanki da guga take yi wa masu hali, kuma ta ga inda makafin garinsu ke ƙarewa: a ƙofar coci, hannu a buɗe. Ta rantse nata ba zai zauna a nan ba. Ta ja shi har cikin cocin, ta damƙa shi ga wata tsohuwar sista mai wani fiyano da ya ga jiya. In ta ga ya buɗe tafin hannu sama, ko alewa ce za a ba shi, sai ta make hannun. Har ya yi furfura a gemu, in zan ba shi canji sai dai in ajiye a tebur ya lalubo abinsa.

Kiɗan da ya ƙware a kai shi ake kira jaz. Na saurare shi, don haka kada wani ya ce ban sani ba. Kamar a aiki mutum shagon maƙwabta ne ya bi ta kasuwar Shahe, ya shiga kowane lungu, ya tsaya hira, sai an cire rai ya ɓullo da saƙon a hannu. Shi kuwa in yana maganarsa har wuyansa ke miƙewa. Ya yi kiɗa a mashayun Rio, ya yi a jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa, ya fitar da faifai guda ɗaya tak, wanda ban taɓa haɗuwa da wanda ya saya ba, amma kullum sai an ba ni labarinsa. Ya zo Guangzhou da abokan kiɗansa lokacin da ni ma ban daɗe da zuwa ba. Mai ganga ya sami mata ya bi ta Hong Kong, mai busa ya ce zafi ya ishe shi. Nildo ya zauna. Wani babban otal ya ɗauke shi yana kiɗa a falo daga azahar zuwa magariba, ga mutanen da kowannensu ya dulmiya kai a waya. Shekara da shekaru yana zuba musu abin da ya fi ƙwarewa a kai, su kuwa ba su bambanta shi da na'urar sanyaya ɗaki ba.

Sai bara aka kawo sabon manaja, wani yaro mai gashi a tsaye kamar an tsorata shi. Ya sayo fiyanon da ke kaɗa kansa, maɓallan na lotsawa ba kowa a kujera, abin dai kamar na aljanu. Ya kira Nildo ya ce masa injin ba ya cin abinci, ba ya mura. Amma don kada a ce bai yi adalci ba, ya ba shi Asabar guda: in falo ya cika aka sha shayi saboda shi, za a sabunta masa kwantiragi. In bai cika ba, me yo, wato babu a yarensu.

Takardar zaman Nildo a ƙasar nan a jikin aikin otal ɗin take rataye. In aiki ya tafi, ita ma ta tafi, sai jirgi. A Brazil kuwa uwar ta rasu tuntuni, ba ɗa ba jika, garin ma an sake masa fasali. A nan ƙafarsa ta haddace kowane tudu daga ɗakinsa zuwa tashar jirgin ƙasa.

Ya zo wajena ya zauna, bai ko taɓa cokali ba.

"Hajiya Saffana, kina da mutane."

"Ina da maciya dai. Me za su yi maka?"

"Su zo su zauna. Su sha shayi. Shi ke nan."

"Nildo, mutanen nan ko wa'azi ba sa iya zama su ji shiru."

"Awa biyu kawai, Hajiya."

To, na bi teburi teburi. Na fara da Alhaji Ilu, wanda ke lodin wandunan jins daga garin Xintang zuwa kasuwar Kwari ta Kano, don in ya taso sauran za su biyo shi. Mutum ne da in ya ba ka goro sai ya tabbatar an gani.

"Makahon nan? Allah sarki," in ji shi. "Ai taimakon irinsu lada ne."

"Alhaji, ba bara yake ba. Makaɗi ne. Ka zauna, ka sha shayi, in ya tsaya ka tafa."

"Haba Hajiya, ni za a koya wa zuwa wajen makaɗi?"

Ran Asabar suka zo, wallahi kamar ɗaurin aure. Manyan riguna, turare, Fuseini mai shifin, wato aika kaya ta jirgin ruwa, ɗan Kumasi, ya kwaso 'yan zangonsu. Falo ya cika taf. Suka ga kuɗin shayi suka yi salati, amma suka sha. Manaja na tsaye a gefe yana murza hannu.

Nildo ya fito cikin farar kwat, ya zauna, ya fara wani kiɗa a hankali. Ni da ba na son jaz, ranar na ajiye kofi. Ya ji numfashin mutane a ɗakin, ya san yau akwai kunnuwa, sai hannun ya saki. Har gumi ya feso masa a sanƙo.

Wannan gumin ne ya ja Alhaji Ilu. Ya miƙe, ya gyara riga, ya zura hannu a aljihu. A garin da ko mai sayar da dankali da waya ake biyansa, bawan Allah ya taho da bandir ɗin naira tun daga Kano, tsofaffi, masu warin kasuwa. Na yi masa alama da ido, na yi da hannu, ya ɗauka kirari nake masa. Ya isa kan Nildo ya manna masa ɗaya a goshi.

Nildo ya girgiza kai, ya ɗauka ƙuda ne. Ya ci gaba. Aka manna ta biyu. Fuseini ya ga za a ce 'yan Gana ba su da zuciya, ya taso da sidi, kuɗin ƙasarsu. Kafin in ture kujera na miƙe, an yi masa rumfa. Kuɗi a ka, kuɗi a kafaɗa, kuɗi na zubowa kan maɓallai yana danna su tare da kiɗan.

"Ka kira sunana mana!" in ji Alhaji Ilu. "Ilu na Kwari! Sa shi a waƙar!"

Nildo ya juyo da fuska inda ya ji muryata. "Hajiya, mene ne suke sa min?"

"Liƙi ne. Haka muke wa makaɗi in ya burge. Girmamawa ce, kaɗa abinka."

Da an bar ni da shi, da ya haɗiye. Amma Alhaji bai gama neman lada ba. Ya kamo hannun damansa daga kan fiyano, ya juya tafin sama, ya cusa masa sauran bandir ɗin.

"Ga sadaka, malam. A sa mu a addu'a."

Wanda ya shekara goma yana cin abinci a wajena ya san kalmar sadaka. Kiɗa ya tsaya cak. Ya zauna hannu a buɗe, kuɗin a ciki, bai rufe ba bai zubar ba. Sinawan da ke falon, waɗanda ba su taɓa ɗaga kai don kiɗansa ba, duk sun miƙe da wayoyi suna ɗauka. Alhazai suka ɗauka an kai ƙarshe ne, suka kaure da tafi.

Na ce shi ke nan, za a kore shi a kore mu. Ina! Manaja ya taho baki har kunne yana sheshe, sheshe, yana ta godiya. Kafin Litinin hoton ya zagaye wayoyin garin. Ya kira Nildo ya ce ga kwantiragi, shekara biyu ma. Sharaɗi ɗaya: kowace Asabar za a yi wannan abin. Ba sai alhazai sun zo ba. Otal zai buga takardu masu kama da kuɗi, duk wanda ya sayi shayi a ba shi guda uku ya je ya manna. Ya ma sa wa abin suna, wai al'adar Afirka. Mutumin da ko taswirar Afirka bai taɓa takawa ba.

Kwana biyu Nildo bai zo cin abinci ba. A na uku ya shigo, ya lalubi kujerarsa.

"Ka sa hannu?" na ce.

"Hajiya, shekaruna sun kusa saba'in. Ina zan je in fara koyon titi?"

"Ban ce komai ba."

"Na ji ki ai. Ke ko shiru kika yi da ƙara yake fita."

Ya sa hannu. Yanzu ran Asabar sai an yi layi. 'Yan mata su manna, su karkata kai, su ɗaga yatsu biyu a ɗauke su hoto. Ba wanda ya san me yake kaɗawa. Alhaji Ilu kuwa duk wanda ya sauka daga Kano sai ya ba shi labarin yadda ya ceci wani makaho a Sin, har da cewa Allah ne ya sa ya taho da naira. In ya zo nan, ƙanzo nake kankaro masa, kuma yana yabawa.

Ni ban sake taka otal ɗin ba. Amma tun da falon da sanyi kuma Nildo ya daina gumi a kan kiɗa, takardun ba sa kamawa, sai manaja ya sa aka shafa musu gam. Don haka duk Asabar kafin in rufe yakan shigo da sanƙo yana danƙo, in ɗebo ruwan ɗumi da tsumma.

"A hankali, Hajiya, fata ce."

"Zauna daidai, tauraro. Akwai saura a bayan kunne."