Ishaya, Mai Kwanciya a Gadon Asibiti Lafiyarsa Ƙalau

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana Ishaya, amma har yau in na tuna haɗuwarmu ta farko, dariya ke riga hawaye zuwa.

Zamanin soja ne, ana fama da tsuke bakin aljihu. Ina aikin nas a wani ƙaramin asibiti wajen Ikara. Wata rana da hantsi na shiga ɗakin maza, na tarar da baƙo a miƙe kan gado ya zura wa rufi ido. Har na fara haɗa allura.

"Sista, don Allah a dakata!" ya ce, ya yi zumbur ya tashi. "Lafiyata ƙalau. Zanen gine-gine nake karanta a Zariya, bincike ya kawo ni."

"Binciken ne a kwance?"

"To, ai a kwance marar lafiya yake ganin ɗakin."

Haka ya bi asibitocin Makarfi da Kudan. Ya kwanta, ya zauna a benci, ya bi mu a baya yana kallon inda muke shan wahala. A namu ya gano abin da muka daɗe muna ɗora wa jahilci: matan ƙauyen Janfalan da ke kusa da mu sun ƙi zuwa haihuwa ne saboda ƙofar ɗakin haihuwa tana kallon bencin maza. Wasu sai abu ya ɓaci ake kawo su a amalanke.

Da aka nemi kayan gyara, kantoman ƙaramar hukuma ya ce babu ko buhun siminti. Ishaya ya je ya durƙusa gaban dattawa, Musulmi da Kirista, aka kira gayya. Aka toshe ƙofar, aka fasa wata ta baya, aka sauko da tagogi yadda na kwance zai hango gonakin dawa. Mu ma aka matso mana da randar ruwa kusa, muka huta da zirga-zirga. Kafin kaka mata sun fara zuwa da ƙafarsu. Kafin wata kakar kuma an ɗaura mana aure a coci.

Yanzu ina shiga sababbin asibitoci, ga tayil ga fenti, amma masu jinya na kwana a ƙasa bakin ƙofa, iska ba ta ratsawa. Na san da yana nan ba zai yi faɗa ba. Zai tambaya ne ko mai zanen ya taɓa wuni a ciki.

Bai bar mana dukiya ba, kuma yawancin zanensa bai taɓa zama gini ba. Amma bara na koma asibitin nan da muka haɗu, na tarar da mata zaune a inuwar rumfar da ya kafa wa masu jira, ana ta hira ana ɓare gyaɗa. Na ji wata tana waya tana cewa, "Ki same ni a rumfar Ishaya." Na tambaye ta wane ne shi. Ta ce wallahi ba ta sani ba, amma ko wane ne, Allah ya ji ƙansa.

Na ce amin, na nemi wuri na zauna.