Akun Da Ya Raba Ni Da Ɗan Farina

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da wani tsinannen tsuntsu ya tona mini asiri a gaban surukata.

Zamanin sule da fam ne, muna zaune a Haɗeja. Maigidana yana kai bandar kifi Kurmi, a can ya sayo aku, toka-toka mai jar wutsiya. Shi ya biya kuɗinsa, amma ni tsuntsun ya liƙe wa. Gyaɗa sai daga hannuna, in na shiga madafi yana kafaɗata, maigida kuwa in ya miƙa yatsa sai cizo. Ni ma sakarya, har daɗi nake ji.

Mu Fulani, mace ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Nawa kuma sunan surukina ya ci, kunya biyu ke nan. In lokacin yaye ya yi, kakarsa ce ke ɗaukarsa. Amma maigida ya daɗe yana lallaɓar Inna, mahaifiyarsa, ta bar mana shi, har ta fara saukowa. Hujjarsa ɗaya ce, wai ina da kara, ba zan sangarta yaro ba.

Abin da bai sani ba, da zarar gida ya watse an tafi fadama, sai in ɗora yaron a cinya in yi ta kiran sunansa har in ƙoshi. Wa ke ji na?

Ran nan Inna ta zo daga Guri. Na durƙusa na gaishe ta, yaron ya rarrafo, na kau da kai kamar ban san shi ba. Ta ji daɗi, har ta ce, "Madalla da 'yar mutunci."

Kafin ta rufe baki, akun ya rangaɗa sunan da muryata sak, ya ƙara da, "Zo nan nawa, ni kaɗai na haife ka!" Sau uku, har da dariyata. Na jefe shi da ludayi, ya koma kan danga ya ci gaba.

Inna ta dubi ɗanta ta ce, "Kai ka koya masa?"

Ya juyo ya dube ni, ita ma ta bi ni da kallo.

"To, a haɗa mini kayan yaron."

Sai da ya shekara bakwai a Guri. Don haushi na sa aka kai akun can garin Malam Madori aka bayar. Ya ƙi ci, ya fige gashinsa, bayan kwana biyar aka dawo mini da shi. Na karɓa ina zaginsa. Gaskiya kuwa, na yi kewar jin sunan nan a gidan, kuma shi kaɗai ke da izinin faɗa.

Tun daga nan na koyi cewa wanda ya fi manne maka shi ya fi riƙe maganarka, kuma ba lallai ya san inda ake yin shiru ba.