Tuluna Tara na Baffa Sale

Abin da na fara gani ranar da aka kai ni hutu gidan Baffa Sale a Bagadaza shi ne tuluna uku jere a zaure, kowanne da ƙusa da wayar jan ƙarfe a bakinsa, ƙudaje na ta binsu. Kun dai san shi, tsohon mai gyaran rediyo. Tun da aka nuna masa wani bidiyo ya rantse mutanen Fir'auna sun yi lantarki da tulu da ruwan tsami.

"Baffa, to ina wayoyin wutarsu?" na tambaya, murya can ƙasa.

"An sace! Ke zatonki yau aka fara satar waya?"

Matarsa, Goggo Hajara, ta nemi tsamiyar kunu ta rasa. "Malam, ina tsamiyata?"

"Tana bakin aiki."

Da ƙwan fitila ya ƙi kamawa, ya ce na zamani ne, raini gare shi. Sai ya koma gwaji da harshe. Nasa wai shayi ya kashe shi, don haka ya zaɓi nawa. "Ke ba kya surutu, harshenki sabo ne fil."

Wayyo Allah! Ni da na taɓa ganin wuta ta jefo maƙwabcinmu daga kan tsani. Kowace safiya sai in rufe ido, in ɗora harshe kan wayoyin nan biyu.

"Me kika ji?"

"Tsami."

"A ƙaro tulu!"

Ya sha faɗa cewa ranar da na ji, zai tara unguwa in yi bayani da bakina. A tulu na tara na ji abin, tsit, kamar cizon kiyashi. Na buɗe ido, na ga har ya ɗora hularsa ta Juma'a. Na tuna taron da zan tsaya gabansa in yi bayani, sai na ɓoye.

"Tsami, Baffa."

Ya cire hular a hankali, ya rataye.

Daga baya malamarmu ta kimiyya ta ce ƙarfe iri biyu a ruwan tsami kan ba da 'yar wuta, amma wannan bai nuna Fir'auna ya kunna fitila ba. Na ƙudurta zan gaya masa duka biyun a hutu na gaba. Bai kai ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa. Ranar sadakar uku na tarar Goggo za ta zubar da tulunan. Na riƙe gefen zanenta.

"Goggo, don Allah ki bar su. Ki ce wa mutanen zaure kada su tashi, akwai abin da zan faɗa."