Hoton Cikin Yaya, Daga Mayahi Zuwa Tasawa

Ana sallame sallar asuba muka bar Mayahi, ni da ƙanena, da hoton cikin babban yayanmu a naɗe cikin leda. An ce yana da wata irin kansar babban hanji da ba kasafai ake ganinta ba, kuma an ce a hanzarta yi masa aikin tiyata. Shi kuwa ya kafe sai ya girbe geronsa. Hujjarsa ita ce maƙwabcinmu ya yi ciwon hanji a hagu, ya jinkirta, ya kuma tashi. Mu ma da muka ɗaga hoton a rana, tabon yana hagu. Amma ni zuciyata ba ta kwanta ba, shi ya sa muka nufi Tasawa wajen wani tsohon likita, abokin marigayi mahaifinmu.

Motar ta mutum tara ce, mu goma sha uku ne, ban da akuya. Direba ya ce esansi, wato man fetur, ya yi tsada, don haka kowace gangara sai ya kashe inji. Gero ya yi kai hagu da dama, wake na yaɗo a ƙarƙashinsa. Da na ga zangarniyar nan, na daina ganin laifin Yaya.

A tashar Tasawa muka sha fura mai yaji, muka ci ƙosai da zafinsa, sannan muka nemi gidan likitan. Tsohon ya karanta takardar faransancin da aka haɗo da hoton a hankali. Na yi caraf na ce, "Baba, mun gode Allah tun da a hagu yake."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wa ya ce maka hagu? Tashi tsaye."

Ya manna hoton a cikina, fuskarsa na kallon waje. Tabon ya faɗo daidai damata. Ashe hoto kamar mutum ne da ke fuskantarka, mu kuwa wata guda muna murna da kuskure.

Na tambaye shi ko wurin yana da wani tasiri. Ya ce ƙwarai. Hanjin hagu matsattse ne, ƙari na fara girma sai ya tona kansa da toshewa ko jini. Na dama kuwa yalwatacce ne, ƙari kan daɗe shiru yana shan jinin mutum, ana cewa gajiyar noma ce. Wuri kaɗai ba ya yanke hukunci, in ji shi, amma irin na Yaya ba ya jiran kaka. Gaskiya na ji tsoro.

Da la'asar muka isa gida, muka tarar da Yaya yana wasa lauje. Ban yi dogon bayani ba, na manna masa hoton a ciki kamar yadda aka yi mini. Ya daɗe yana kallon damarsa. Tafiyar nan ta koya mini kada in ƙara auna ciwon wani da na maƙwabci.

Can ya miƙo mini laujen. "Kai za ka yanke geron bana. Gobe ku kai ni asibitin Maraɗi."