Duwatsun da Hamisu Ya Yi Masallaci da Su

Shekara takwas ke nan da rasuwar Malam Mamman Sani, aminina, wanda muka binne a Lyon. Karatuna bai yi nisa ba, atamfa nake sayarwa a unguwar Château Rouge da ke babban birnin Faransa, don haka zan faɗi abin da ya yi mini daki-daki, yadda ya faru.

Da farko, shi tsohon soja ne, cikin masu tonon nakiya a arewacin Nijar. Ido guda ya rasa a wannan aiki. Ya zo Faransa neman magani, daga baya ya samu gadi a wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon. Shi ya koya mini yadda suke yi: inda suka share, su jera duwatsu masu farin fenti, inda ba su kai ba, su jera masu ja.

Ƙanena Hamisu direban babbar mota ne a hanyar da ta wuce Agadas. Akwai wata rijiya da direbobi ke tsayawa, an fara share nakiyoyin da ke kewayenta da kuɗin ƙasashen waje. Kuɗin ya ƙare aiki na rabi, ma'aikata suka kwashe kayansu.

Wata Asabar Malam ya kawo mini ziyara, yana shagona sai Hamisu ya bugo waya, yana murna. Wai sun tsaya azahar kusa da rijiyar, fasinja sun tarar da duwatsu masu kyau a jere, sun kwaso sun zana masallaci a kan rairayi, har da alƙibla.

Malam ya fizge wayar. "Kai Hamisu, wane launi ne?"

"Ja ne, Malam. Sun ɗan koɗe."

"To, ka gaishe da limaminku. Kun yi salla, kun kuma buɗe wa na bayanku kabari."

Ban taɓa jin ya yi wa kowa irin wannan magana ba. Ranar ya ce mini filin da aka share rabi ya fi wanda ba a taɓa ba haɗari, domin mutane sun ga ma'aikata sun zo sun tafi, sai su ɗauka an gama.

Abu na biyu, ya tara mu 'yan ƙasarmu da ke nan. Alhaji Buzu mai nama ya ce a yi karo-karo. Malam ya ce, "Alhaji, mai da aljihunka. Wannan aikin gwamnatoci ne. Hannunka nake so a takarda." Ɗaliban ƙasarmu da ke karatu a nan suka rubuta wasiƙun neman a koma a ƙarasa aikin, da Faransanci, shi kuma yana hawa jirgin ƙasa daga Lyon ranar hutunsa yana bin ofis-ofis.

Na uku shi ne wanda ya ja masa baƙin jini. Ya nace sai an rubuta wa hukumomin gida su ma su sa nasu kason. Wasu suka ce tonon asirin ƙasa ne a gaban baƙi. Ya ce baƙo ba zai koma aikin da mai gida bai sa komai a ciki ba. Ni kaina na yi jinkirin sa hannu, ina jin kunyar haka har yau.

Ba zan ce wasiƙunmu ne suka dawo da kuɗin ba, ban sani ba. Na dai san an dawo, an ƙarasa kewayen rijiyar, bayan ya rasu.

Da yana nan yau, ba zai ji daɗi duka ba. Ana binne sababbin nakiyoyi a wasu yankunan, masu ba da tallafi kuma hankalinsu ya rabu. Na tabbata da ya sake sayen tikiti.

Ba a rubuta sunansa ko'ina ba, bai bar gida ko mota ba. Amma shekaru Hamisu ya yi in ya sauka a wurin nan ba ya taka ko'ina sai sawun taya. Watan jiya ya ce mini ya ɗauki jarka ya yanke kai tsaye zuwa rijiya, sai da ya dawo mota ya tuna bai duba ƙasa ba ko sau ɗaya.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya saka masa.