Ranar da Na Goge Tagullar Kaka

Makon jiya na kai keken ɗinkina gyara. Mai gyaran ya buɗe 'yar kwalbar mai ya ɗiga a jikinsa, ƙamshin na shiga hancina sai na tsinci kaina a kicin ɗinmu na unguwar Cheetham Hill a Manchester, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Ga Kaka nan zaune da hular sanyi har kunne, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur. Bari in ba ka labarin abin da ke kan jaridar nan, don har yau in na tuna, kunya da dariya ne suke haɗe mini.

Kaka mahaifin Abbana ne. Daga Zariya ya zo a yi masa aikin ido, bayan ya warke Abba ya ƙi barinsa ya koma, tunda kakata ta rasu, babu mai kula da shi a gida. Tsohon soja ne, amma shi da bakinsa yake cewa sojan sito ne. Shekaru masu yawa ya yi a ɗakin ajiyar makamai, yana karɓar bindigogi yana dubawa yana gyarawa. Ni kuwa amaryarsa yake ce mini, irin wasan kaka da jika. In yi masa Turancina na Manchester, ya amsa da Hausa, da haka Hausata ta zauna.

A shekarun nan ne gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Laburaren unguwarmu ya koma buɗewa rabin mako, aka rufe wurin wasan yara. Abba akanta ne a kansul, wato ƙaramar hukuma, wata rana aka sallame shi ya dawo da kwali ɗauke da kayan teburinsa. Umma ta ƙara awannin aikinta na kula da tsofaffi. Abin da na fi tunawa shi ne hitar ɗumama gida. Da can da an yi sallar magariba ake kunna ta, sai ta koma awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma. Kaka ya fi kowa jin sanyi a gidan, amma ya daina magana a kai. Riga biyu yake sakawa a ƙarƙashin babbar riga. Ko Umma ta miƙa hannu za ta kunna masa, sai ya ce ta bari, shi soja ne, alhali ya kama kofin shayi da hannu biyu yana ɗumama su.

Duk Lahadi yakan ja ni kasuwar gwanjo, wadda ake ci a wani fili, kowa ya buɗe bayan motarsa ya baje tarkacen gidansa. Ba ya sayen komai, kallo kawai. Wata Lahadi ta kaka, ganye ya zube ƙasa ta jiƙe, sai ya tsaya cak gaban wata mata da ke sayar da kayan mahaifinta da ya rasu. Ya ɗauki wani gwangwanin biskit cike da ƙarafuna baƙi ƙirin, ya tona da yatsa, ya ce in tambaye ta nawa. Kuɗin da ta faɗa bai fi na burodi da madara ba.

A gida ya baje su a kan jarida. Ashe kayan tsofaffin bindigogin yaƙin duniya ne. Akwai farantin tagulla da ake sa wa gindin bindiga, da zobban da ake ɗaura maɗauri, da 'yan kwalaben mai na tagulla masu tsawon yatsa, da ma'aunin saiti guda biyu. Umma ta tsorata, ta ce kada 'yan sanda su zo mana. Kaka ya kwantar mata da hankali, ya ce tun a kasuwa ya duba, babu abin da ya shafi harbi a ciki, da akwai ko taɓawa ba zai yi ba. Waɗannan ado ne. Akwai Turawa masu tara tsofaffin bindigogi da aka toshe bakinsu don kada su yi harbi, suna rataye su a bango, kuma kullum cikin neman irin waɗannan suke don cike abin da ya ɓata.

Kusan mako biyu ya yi yana rarraba su. Yakan ɗaga ɗaya kusa da taga, ya rufe ido ɗaya, ya nuna mini 'yar kibiya da aka buga a jiki, alamar kayan gwamnati ne. Ya nuna mini haruffan masana'antar da ta ƙera, ya ce wata ta yi da yawa, wata kaɗan ta yi aka rufe ta, kayanta sun fi tsada. Na yaƙin farko ya fi na biyu wuyar samu. Wanda ya lanƙwashe gefe guda, wanda kusoshinsa na asali ke tare da shi gefe guda. Ba gogewa yake ba, tsumma kawai yake ɗiga wa mai ya shafa a hankali. Ni a lokacin na ɗauka ƙarfi ne ba shi da shi.

A cikinsu akwai wani ɗan faifan tagulla kamar kwabo, wanda ake mannawa a katakon bindiga. Da ya karanta haruffan da ke jiki sai ya ce alamar rundunar ƙasarmu ce ta zamanin Turawa, wadda mahaifinsa ya yi yaƙin ƙasar Bama, can Asiya, a cikinta. Wannan shi kaɗai, in ji shi, zai iya fin sauran duka kuɗi.

Gwaggo, ƙanwar Abba, tana zaune a unguwar Ladywood a Birmingham, ita ta samo wani dattijon Bature a can mai sayen irin waɗannan kaya. Aka sa ranar Asabar, aka ce ni zan raka Kaka, saboda Turancinsa na bariki ne, na mutanen Birmingham kuwa ba ya shiga kunnensa.

Ranar Juma'a muna hutun makaranta, Kaka da Abba suka tafi masallaci. Na buɗe gwangwanin na kalli kayan nan duk sun yi baƙi, wasu da kore-kore a jiki. Na ce a raina wa zai sayi abu da datti haka? Ko tukunya Umma ba ta bari ta kwana da baƙi. Na ɗauko soson ƙarfe da man goge tagulla na zauna. Inda koren ya ƙi fita, na ɗauko samfefa a akwatin kayan aikin Abba. Faifan nan shi ya fi ba ni wuya, don haka shi na fi dirzawa. Kafin su dawo komai na walƙiya kamar zinariya. Na mayar na rufe, na ce sai a gaban Bature Kaka zai ga abin mamaki.

Da sassafe muka hau doguwar bas. Kaka ya rungume gwangwanin a cinya, bai buɗe ba. Gwaggo ta tarye mu, ta ba mu shayi da wainar ƙwai a fulat ɗinta, ta kai mu bakin shagon ta wuce aiki.

Shagon ƙarami ne, yana warin tsohon katako da mai, bindigogi jere a bango. Dattijon ya sa tabarau, ya ɗauko gilashin ƙara girma. Kaka ya buɗe gwangwanin. Na zuba masa ido ina jiran murmushi. Bai yi ba. Hannunsa ya tsaya a kan murfin, ya daɗe a haka.

Baturen ya ɗauki faifan ya juya shi ƙarƙashin fitila, ya girgiza kai, ya yi magana. Ni ce tafinta, don haka sai da maganar ta bi ta bakina. Ya ce masu saye baƙin nan suke biya wa kuɗi, shi ne shaidar shekaru. Wanda aka goge ba a iya bambanta shi da sabon ƙira na jabu. Faifan kuwa rabin haruffansa sun shafe, ba wanda zai yarda da abin da aka ce ne. Ya ƙare da tambayar wa ya yi wannan ɓarnar.

Na so in sauya maganar, in ce ya ce kasuwa ce ta faɗi. Amma na fassara duka, har tambayar ta ƙarshe. Sannan na ƙara da tawa, na ce, "Kaka, ni ce."

"Na sani, amarya," ya ce. "Ga shi nan a faratanki."

Ya juya ga dattijon, da Turancinsa na bariki ya ce jikarsa ce, yarinya ce mai tsafta. Baturen ya kalle ni ta saman tabarau, bai yi dariya ba, amma ya sassauta murya. Abin da ya taya bai kai rabin abin da Kaka ya sa rai ba. Faifan ma ya turo shi baya, ya ce ba zai iya sayar da shi ba. Kaka ya jefa shi aljihu.

Ana naɗe kayan ne Kaka ya ɗaga kai ya kalli wata bindiga a bango. Ya ce in gaya wa mai shago farantin gindinta ba nata ba ne, na yaƙi na biyu ne aka sa wa ta yaƙin farko. Na ji tsoro, na ce ko mu bari? Ya ce in faɗa. Dattijon ya sauko da ita ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya shige ciki ya fito da kwali uku na tarkace da ya ce shekara da shekaru bai samu lokacin tantancewa ba. Har la'asar muna shagon. Kaka na ɗaga abu ya ce wannan na asali ne, wannan jabu, wannan an sake masa fenti. Can suka daina buƙatata, yatsa kawai suke nuna wa juna su gyaɗa kai.

A bas muna dawowa na yi ta kuka a hankali. Ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce, "Aikinki ya yi kyau, wurin ne ba nasa ba. Gobe in kin ga abu ya tsufa, ki tambaya kafin ki gyara shi." A gida kuma bai gaya wa kowa ba. Da Abba ya tambayi yadda aka yi, cewa ya yi alhamdulillahi.

Washegari ya saka takalmi ya tafi kantin bakin layi shi kaɗai, ya sa kuɗi a katin gas ɗin hita. Ya dawo ya kunna hita da rana tsaka, bai nemi izinin kowa ba, ya cire riga ɗaya ya zauna. Abba ya buɗe baki zai yi magana, Umma ta taɓa masa hannu.

Daga nan duk wata sai dattijon ya kira shi aikin tantance kaya ya biya shi, ya tafi Birmingham ya kwana wajen Gwaggo. Haka aka yi har Abba ya samu aiki a wani sito na 'yan sari a unguwarmu. Bayan shekara uku Kaka ya ce shi gida zai koma, ya koma, a Zariya Allah ya karɓi ransa.

Bara na bi ta layin nan a Birmingham. Shagon ya zama wurin shan kofi, benen kuma ɗakunan haya. Yanzu irin wannan ciniki a waya ake yinsa, mutum ya ɗauki hoto ya sa kuɗi, ba wanda ke ɗaga abu kusa da taga ya ji nauyinsa a tafin hannu. Ni har yau in na ga irin kayan nan zan iya gaya maka na wane yaƙi ne da abin da ya kamata a taya. Amma duk zaman da na yi kusa da shi, ban taɓa tambayarsa abin da mahaifinsa ya ba shi labari na Bama ba, ko abin da shi ya gani a jikin bindigogin da ake dawo masa da su daga fagen daga. Na ɗauka akwai lokaci. Da na tambayi Abba bayan rasuwar, sai ya ce shi ma bai taɓa tambaya ba.