Fim Ɗina da Babu Mutum a Ciki

Kafin in fara aiki a sashen wayar da kai na wani ofishi a Dutse, fim ɗin Indiya a wurina rawa ce da waƙa da kuka cikin ruwan sama. Wata abokiyar aikina da muke kira Madam ce ta warware mini wannan. 'Yar Filato ce, teburinta yana kallon nawa, kuma an taɓa tura ta kwas Indiya. Tsarabar da ta dawo da ita tarin gajerun finafinai ne da gwamnatin can ta ɗauki nauyinsu tun ba a haife ni ba. Wata rana da aiki ya yi sauƙi ta juyo mini da kwamfutarta ta ce, "Zo ki ga abin da mutane suka yi a ƙarƙashin gwamnati."

Wani bai fi minti uku ba, babu ɗan wasa ko ɗaya, layuka ne da ɗige-ɗige suna tsalle bisa kiɗan ganga. A wani kuma an tare mutane a titi suna faɗin abin da ke ransu game da ƙasarsu, ba a yanke ba. Na ce, "Madam, kuma ba a kori waɗanda suka yi finafinan ba?" Ta ce, "Oho. Fim ɗin dai ga shi." Wallahi haushi ne ya kama ni. Mu namu kullum iri ɗaya ne: murya mai kauri ta ce gwamnati na kira ga jama'a, sai a nuno wani yana gyaɗa kai.

Da damina ta sauka, amai da gudawa ya ɓulla a ƙauyuka, Darakta ya ce in yi ɗan fim na zane mai motsi kan tsabtar rijiya, tunda ni ce mai hannu. A gida na samo hannun. Mahaifina yana da makarantar allo a Yalwawa, shi ake kawo wa allo ya yi zayyana in ɗalibi ya sauke. Ya koya mini tun ina ƙarama da sharaɗi ɗaya: kada in zana abu mai rai. Na kuwa yi masa alkawari.

Sai na shimfiɗa farar takarda babba na zana unguwa da zayyana, gidaje da lunguna, rijiya a tsakiya. Na ɗaure wayata a jikin benci tana kallon ƙasa. In ɗiga tawada a rijiyar in ɗauki hoto, in ja ta kaɗan da alƙalamin kara in sake ɗauka. Mako uku ina wannan, bayana kamar ya ɓalle. Murya kuwa ban sa ba. Na zaga maƙwabta na naɗi ƙarar daka, turmi bakwai. Duk gidan da tawadar ta shiga ya yi baƙi, sai turmi ɗaya ya yi shiru, har na ƙarshe.

Darakta ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Malama, ina mutumin?"

"Babu mutum, Yallaɓai."

"To ki sa shi. Ya riƙe ciki yana murƙususu, murya ta yi bayani. Mutanen karkara ba za su gane wannan ba."

Shi da har gobe daga ƙauyensu Aujara ake aiko masa da daddawa! Raina ya ɓaci, ban kuma ɓoye ba. Na ce, "Yallaɓai, waɗanda suka binne 'ya'yansu ne ba za su gane ba?" Ya ba ni zuwa Litinin: ko in ƙara mutumin da muryar, ko a ba wani aikin, ni kuma in bar sashen.

Na kai wa Baba maganar yana zaune a zaure bayan la'asar. Ya karɓi wayar ya kalla sau biyu. Can ya ce, "Uwata, wannan lalura ce. Na yafe miki alkawarin. Zana masa mutuminsa, kada ki rasa gurbinki."

Na daɗe ina jiran ranar da zai faɗi haka, sai ga ta ta zo lokacin da ba na buƙatarta. Na ce, "Baba, yanzu ba alkawarin ba ne. Fim ɗin ya cika, ba ya son ƙari."

Ya leƙo ni ta saman tabarau. "Wannan taurin kai ban san inda kika gado shi ba." Ya sani sarai.

Ranar Litinin na ce wa Darakta ba zan taɓa ko ɗigo ɗaya ba. Kafin azahar an mai da ni ɗakin fayil. Madam ta taya ni kwashe kayana tana tsaki. Wanda aka ba aikin ya zana wani mai ƙaton kai yana birgima, aka yi ta haska shi, jama'a na ta dariya. Ya yi mini ciwo, ba zan yi ƙarya ba. Ina son aikin nan, kuma har yau ban koma ba.

Bayan wata biyu na je suna Kiyawa, gidan 'yar ƙanwar babata. Da hantsi mata sun cika tsakar gida, wata ta tsokane ni, "Ke ce aka kora saboda fim? Nuna mana mu ga abin da ya ci kujerarki." Na jingina wayar da kwano na kunna. Da farko ana ta surutu. Da turmi na uku ya tsaya, babu mai ko tari.

Da ya ƙare, wata tsohuwa da ban sani ba ta matso, ta sa yatsa a kan gidan da ke daf da rijiyar.

"'Yar nan," ta ce, "wannan gidanmu ne. Mu ne turminmu ya fara tsayawa."